Gani Da Ji: Yadda Masu Zane Suka Yi Fama Da Abin Da Ba Ya Zanuwa

Kwanakin baya na tsaya wurin wani mai fentin allon talla a Tudun Wada, ina jira ya sallami wani mai tsire kafin ya duba nawa aikin. Ya zana tsinke huɗu a jere kan waya, ga albasa da tumatir a gefe, naman ya yi ja har yana ƙyalli. Mai tsire ya karkata kai ya ƙare wa allon kallo, ya ce, "Maigida, ai naman nan ya huce." Mai fenti bai ce uffan ba. Ya tsoma burushi cikin farin fenti, ya ja wasu layuka uku masu lanƙwasa suna tashi daga kan naman. Nan take mai tsire ya washe baki: "Yauwa! Yanzu na ji ƙamshi."

Babu abin da ke tashi a wurin sai warin fenti da kananzir. Layukan nan uku dabara ce ta kauce wa wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu zane tuwo a ƙwarya, tun daga Masar ta Fir'auna har zuwa allon mai tsire: wanda duk kayan aikinsa na ido ne, ta yaya zai nuna abin da hanci ko harshe ko fata kaɗai suka sani?

A makarantar boko an koya mana cewa ƙofofin da mutum ke sanin duniya da su biyar ne: ido, kunne, hanci, harshe da fata. Wannan lissafi ya samo tushe ne daga Aristotal, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, wanda ya tsara su a littafinsa kan rai, ya kuma fifita gani a kan saura. Malaman Larabawa suka karɓa suka kira su hawassul hamsa. Amma bakin Bahaushe ba haka ya raba su ba. Mu biyu muke da su, gani da ji. Ana jin ƙara, ana jin wari, ana jin gishiri a miya, ana jin sanyin hunturu, ana jin yunwa, ana jin kunya, har Hausar ma jin ta ake yi. Wani mai bincike, Ian Ritchie, ya yi rubutu a kan haka a 1991, kuma tun daga nan masu nazarin al'adu ke kafa misali da Hausa idan suna son nuna cewa biyar ɗin nan ba saukakkiya ba ce.

Wasu na ɗaukar zancen kamar ba mu da kalmomin sauran ne. Muna da su: saurara, sansana, ɗanɗana, taɓa. Sai dai a lura da yadda muke jera su. Saurara ka ji. Sansana ka ji. Ɗanɗana ka ji. Taɓa ka ji. Kalmar farko aikin da gaɓa ke yi ne a waje, kowa na iya kallon mutum yana yin sa. Ta biyun kuwa abin da ya isa ciki ne, babu mai shaida sai mai shi. Mai zane na iya kama sansanawa, ya nuna hanci a kan fure. Jin ne ba shi da yadda zai yi da shi. A ganina duk tarihin zanen waɗannan ƙofofi kewaye-kewaye ne a bakin wannan rami.

Hanya mafi tsufa ita ce a zana gaɓar kanta a ƙara mata girma ko yawa. A zamanin Sabuwar Daular Masar, tsakanin kusan 1550 zuwa 1070 kafin haihuwar Annabi Isa, talakawa kan sa a sassaƙa musu ƙaramin allon dutse babu komai a kai sai kunnuwa, wani biyu, wani gommai, su ajiye kusa da ɗakin bautarsu a Memfis. Kunnuwan na abin bautar ne, wai don roƙo ya shiga da sauri. A bangon kaburburansu kuma za ka ga baƙi zaune a wurin walima kowa ya kara furen bado a hanci, ga makaho yana kaɗa garayarsu mai tsirkiya da yawa. Mai zanen ya rufe wa makaɗin ido ne, sai hankalin mai kallo ya koma kan kunne.

Ba sai mun je Masar ba. Ƙauyen Nok yana nan ƙaramar hukumar Jaba a jiharmu ta Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan gasasshen yumɓu a yankin, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kai daga Jama'a wanda aka ce har an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 ya nuna mutanen sun zauna a yankin tun kusan 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan kuma sun bayyana wajen 900. Duk wanda ya shiga gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu a garin Kaduna ya tsaya gaban irin waɗannan kawuna, abin da zai fara kama shi idanun ne: manya, masu kusurwa uku, da huda a tsakiyar ƙwayar. Hanci ma a huje, kunne a huje, sau da yawa baki a buɗe. Masana na cewa hudar tana barin iska da tururi su fita lokacin gashi don kada yumɓu ya fashe, kuma duk mai ginin tukwane zai gaskata haka. To amma ni dai ina ganin ba banza ba maginin ya zaɓi ya yi wa wuta hanya ta daidai inda Allah ya yi wa mutum ƙofa. Duhun da ke cikin hudar shi ke sa kan ya zama kamar akwai wani a ciki yana kallonka.

A Turai, zane mafi tsufa da aka sani wanda ya tara biyar ɗin wuri guda ƙaramin abu ne, maɓallin riga na azurfa da faɗinsa bai wuce santimita 11 da ɗoriya ba, daga Ingila ta ƙarshen ƙarni na 9. Ana kiransa da sunan Fuller, mutumin da ya mallake shi, yana kuma gidan tarihin Birtaniya a Landan. Maƙerin ya yi mutum biyar. Ɗaya ya cusa hannu a baki, ɗaya ya kara hannu a kunne, ɗaya yana murza tafin hannuwansa, ɗaya ya goya hannu a baya yana tsaye tsakanin tsirrai biyu, don a gane hanci kaɗai ke aiki. Na tsakiya, wanda ya fi kowa girma, ya zaro idanu. Gani ne sarki, sauran fadawa. Gani ya kori ji ke nan, an ƙera shi da azurfa.

Daga ƙarni na 13 sai dabbobi suka karɓi aikin. Akwai wani baitin Latin da ɗalibai ke haddacewa, yana cewa aladen daji ya fi mu ji, kyanwar daji ta fi mu gani, biri ya fi mu ɗanɗano, ungulu ta fi mu shaƙa, gizo-gizo ya fi mu taɓawa. A wani tsohon soro a Longthorpe kusa da Peterborough a Ingila, akwai zanen bango na wajen 1330 da aka shafe da farar ƙasa, ba a sake ganinsa ba sai 1945. Wata ƙafar keke ce mai sanda biyar, a bakinta ga biri yana ci, ga ungulu, ga gizo a saƙarsa, ga alade, ga zakara a madadin kyanwar, sannan wani sarki a tsaye bayanta ya ɗora hannu a kai. Sarkin shi ne hankali, dabbobin kuma talakawansa masu son bijirewa.

Zaɓin gizo ya burge ni, don kuwa duk yaron da ya taɓa jefa ƙuda cikin yana ya ga yadda motsin zare ɗaya ke fito da mai gida a guje. A kan ungulu ne suka yi kuskure. Ungulun Afirka da Turai da ido take gano mushe, tana shawagi tana lura da inda 'yan'uwanta suka sauka; wata 'yar'uwarta ta nahiyar Amurka ce mai hanci. Shekaru ɗaruruwa ana zana ta a matsayin sarauniyar shaƙa, alhali da sun tambayi mahautan da ta saba yi wa dako, wataƙila da an gyara musu.

Wajen 1500 aka saƙa wasu manyan dardumomin bango shida na ulu da siliki, waɗanda yanzu suke gidan tarihin Cluny a birnin Paris. An gano su a wani gidan sarauta a Boussac a 1841, gidan tarihin ya saye su a 1882. A kowace akwai wata mace tsakanin zaki da wata dabbar almara mai siffar doki da ƙaho ɗaya a goshi. A ɗaya tana ɗaukar alewa daga tasa, a ɗaya tana kaɗa abin kiɗa, a ɗaya ta kara wa dabbar madubi, a ɗaya ta riƙe mata ƙaho. A ta ƙamshi tana kitsa furanni, amma ba ita ke sansanawa ba: wani biri ne a bayanta ya saci fure ya kai hanci. Mace mai daraja ba ta shinshine-shinshine a gaban jama'a, sai aka ɗora wa biri.

Ta shidan ce ta hana masana barci. Matar na tsaye bakin tanti tana riƙe da sarƙar wuyan da ta sanya a sauran biyar ɗin, baiwarta ta miƙo akwati, a saman tantin an rubuta da Faransanci abin da za a iya fassarawa da "bisa son raina kaɗai". Ajiye sarƙar take yi ko ɗauka? Saƙa ba ta motsi, don haka babu mai iya rantsuwa. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce ajiyewa take, kuma darduma ta shida zuciya ce, wadda ke mulkin biyar ɗin. Wanda ya yi karatun allo ba zai ji wannan baƙo ba. A Suratul Isra'i aya ta 36 an ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne, a Suratun Nahli aya ta 78 ma haka aka jero su cikin ni'imomin da aka ba jariri. Ji a gaba, gani na biye, zuciya ta rufe. Wannan jeri ya fi kusa da bakinmu fiye da biyar ɗin Aristotal, ko da yake ji a ayar na kunne ne, namu kuwa ya haɗiye har da hanci da harshe.

A lura kuma da cewa maza ne a kan maɓallin Fuller, amma daga ƙarni na 16 kusan kullum mata ake zanawa. Masu wa'azin Kirista na lokacin suna kiran ido da kunne tagogin da zunubi ke shigowa, sai aka rataya wa mace alamar jarrabawar, ana kuma sayar da hotonta ga mazan da ake cewa ana yi wa gargaɗi.

A 1617 da 1618, a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam ta yau, Jan Brueghel Babba da Peter Paul Rubens suka haɗa hannu suka yi zane biyar da yanzu ke gidan tarihin Prado a Madrid. Rubens ya zana mutanen, Brueghel ya zana kayan, kuma kayan ne suka cinye wurin. Ɗakin gani cike yake da hotuna da gumaka da taswirar duniya da madubin hangen nesa, wanda a lokacin bai fi shekara goma da fitowa ba. Ɗakin ji kayan kiɗa ne da agogo da bindigogi da tsuntsaye. Na taɓawa ya fi ba ni tsoro: mace na sumbatar yaro a gefe guda, sauran filin kuwa tarin sulke ne da kwalkwali da maƙera na dukan ƙarfe, a ƙasar da ta sha yaƙi take hutun yarjejeniyar shekara 12 da aka ƙulla a 1609. Duk kyawun aikin, ni ina ganinsa kamar jeren ɗakin amarya. Ba a nuna maka yadda ji yake ba, an nuna maka abin da mai kuɗi ya tara don ya ji.

Akwai wani ɗan abu a lambun ƙamshi na wannan jeri da ya kamata Bahaushe ya gane kafin Bature: tunkun juda a kwance ya naɗe jiki kusa da matar. Jibdar da ake yaɓo daga jikinsa, wadda kakanninmu mata suka sani a haɗin turare, tana cikin kayan ƙamshi masu tsada da Turai ke samu daga Afirka. A 2022 gidan tarihin Prado ya kafa na'urori a gaban wannan zane suna fesa ƙamshi iri goma na abubuwan da ke ciki, har da jibdar. Bayan shekara 400, sai da aka kawo wa zanen ɗauki da turare na gaske.

Waɗanda suka fi kusa da cin nasara, a nawa hukuncin, su ne waɗanda suka watsar da alamomi suka koma kan fuskar talaka. Wajen 1615 a birnin Rum, wani matashi ɗan Sifen, Jusepe de Ribera, ya zana ƙamshi a matsayin wani mutum cikin tsumma riƙe da yankakkiyar albasa, hawaye na zubo masa. Duk wadda ta taɓa yanka albasa za ta ji idonta ya yi yaji. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma Ribera ya gane cewa labarin hanci ma can ake tambayarsa. Ba ya zana jin, yana tayar da wanda ke ajiye a jikin mai kallo ne. Taɓawarsa kuma makaho ne yana shafa sassaƙaƙƙen kan dutse da yatsu, ga wani zanen fuska yashe a kan tebur bai ma san da shi ba. A lokacin ana gardama tsakanin masu sassaƙa da masu fenti kan wa ya fi, sai ga mai fenti da hannunsa yana nuna iyakar sana'arsa. Muna yi wa makaho dariya da cewa ya rasa ido ya ce wari gare shi. A wannan hoton shi ne ya san kan, mu masu ido inuwarsa kawai muka samu.

Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya bi wannan hanya yana ɗan shekara 18 ko 19, wajen 1624 zuwa 1625 a Leiden, amma da barkwanci. Gani mai tallan tabarau ne yana yi wa tsofaffi ciniki. Ji mutum uku ne suna rera waƙa. Taɓawa wanzami ne yana tsaga kan wani da ya dunƙule hannu ya cije. Shaƙa kuma saurayi ne ya suma ana kara masa ƙyalle mai magani a hanci. Wannan na ƙarshen ya ɓace har 2015, lokacin da ya ɓulla a wani gwanjo a New Jersey ta Amurka an yi masa kuɗi dala 500 zuwa 800, masu ido suka gane shi, aka buga shi a dala 870,000. Na ɗanɗano har yau ba a gan shi ba. Wani mai zanen na Holan, Jan Miense Molenaer, kuwa a 1637 bai ji kunyar kowa ba: ƙamshinsa uwa ce tana share wa yaro gindi, wani a gefe ya toshe hanci.

Sauran duniya sun bi nasu hanyoyin. A Indiya an yi zanukan Ragamala, inda kowane salon kiɗa ke da hotonsa da lokacinsa na yini ko na shekara. A Nikko ta Japan akwai birai ukun nan da aka sassaƙa a ƙarni na 17, ɗaya ya rufe ido, ɗaya kunne, ɗaya baki, waɗanda yanzu suka koma 'yan hotunan da muke tura wa juna a WhatsApp.

To mu fa? Za a iya cewa tunda malamai sun ƙyamaci zana mai rai, ba mu da abin cewa a wannan babi. Alhali a duniyar Musulmi ne aka yi wa gani bincike mafi zurfi a zamaninsa, littafin Ibnul Haisam, Kitabul Manazir, da ya rubuta a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, inda ya tabbatar haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. A Istanbul kuma gwanin rubutun hannu Hafiz Usman, wanda ya rasu a 1698, ya tsara hilya: siffofin Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam kamar yadda hadisi ya kawo, a rubuce cikin kyakkyawan tsari ana ratayewa a bango. Ido na ganin haruffa, surar kuwa a zuciya take haɗuwa.

Abin da ya faru shi ne, da aka rufe ƙofar zana mai sansanawa, sai gwanaye suka kawo abin sansanawar kansa. Masallacin Juma'ar Zariya da Babban Gwani Mikaila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830, ba ido kaɗai ya yi wa aiki ba. A yadda ya gina shi, kaurin bangon ƙasa na riƙe sanyi, bakan gizon rufin na ɗaukar muryar liman, zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai kuma hannu na iya bin sa. Aska takwas a ƙirjin babbar riga tana da tudu da nauyi, shadda na ƙara idan mai ita ya motsa, kuma ba a fita da ita sai ta kwana a kan kasko da turaren wuta.

Allo ya fi su duka. Almajiri na dafa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya fere alƙalamin kara, ya rubuta, ya rungume allon a cinya yana bin layi da yatsa yana ɗaga murya. Idan ya kai sauka a yi masa zayyana da ja da rawaya da kore. Idan kuma ciwo ya zo gidan, a rubuta a wanke a ba mara lafiya ya sha, da ɗan ɗacin tawadar da ƙamshin hayaƙinta. Rubens da Brueghel sun buƙaci allo biyar. Wannan guda ɗaya ne, ana ganinsa, ana sauraronsa, ana taɓa shi, ana sansana shi, ana haɗiye shi.

Irin waɗannan allunan zayyana yanzu suna gidajen tarihi a Turai da Amurka, tare da kalangu da algaita da rigunan sarakai, kowanne a cikin akwatin gilashi da fitila a kansa da ɗan rubutun da ke hana taɓawa. Ranar da na kai 'yar ƙanwata gidan tarihin titin Ali Akilu, ta daɗe tsaye gaban wani kan Nok, sannan ta juyo ta ce, "Kawu, in na yi masa magana ta wannan ramin zai ji?" Kafin in ba ta amsa ta riga ta manna baki a jikin gilashin.